Ki Bar Iya Ta Riƙe Ludayinta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yar Hajja,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Fassi lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma kun tarar da surukarki Iya Asabe da sauƙi. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin baki, ya sa wannan ƙaura ta zame muku alheri.

Na san za ki yi dariya idan kika tsinci takarda a cikin bokitin ƙuli-ƙuli. Za ki ce yau kuma Yaya ce da rubutu, alhali shekara da shekaru gidanku da namu a Rano ko kunu aka ɗauko ba ya hucewa a hanya. To, bakina ne ba ya iya miki doguwar magana. Ke ce 'yar fari, tun daga yaye Hajja, mahaifiyar babanki, ta ɗauke ki, kika tashi kina kirana Yaya, ni kuma ina kiranki “ke” ko “'yar nan”. Da ake loda kayanku a mota na zo da niyyar in ja ki gefe, amma da na buɗe baki sai na ji ina tambayarki ko kin ɗaure murfin tukunya da kyau. Allah ya saka wa malaman makarantar matan aure da suka koya mini riƙe biro, yau ga ranarsa.

Abin da ya sa ni rubutun nan, a gidan surukanki na gan shi, ranar da muka je duba Iya bayan an sallamo ta daga asibiti. Hawan jini ya taɓa mata ɓarin jikin dama, harshenta ya yi nauyi, amma idonta na nan tar, irin na matar da ta saba ba da umarni. Kika kawo mata kunu, kika ajiye ludayi a kan faifai kusa da ita. Ina kallo yatsunta na dama suka fara jan jiki zuwa wajen ludayin, a hankali a hankali. Saura kaɗan su kai, sai kika yi wuf kika ɗauke, kika ce, “Haba Iya, ina zaune za ki wahala?” Matan ɗakin suka hau sa miki albarka, ana cewa gidan nan an yi dacen suruka. Hannun Iya ya koma kan cinyarta ya kwanta. Ni kuwa sai na ji kafaɗata ta amsa, domin na san wannan ladabin naki, ni ya fara kwantarwa.

Yanzu kin bar Rano kin koma can don ki yi jinyarta, kuma masu gashin ƙashi sun ce akwai kyakkyawan zato za ta sake taka ƙafarta, ta kuma ci abinci da hannunta, idan aka bar gaɓoɓin suka yi aiki. Tsorona shi ne kada kirkinki ya zaunar da ita har abada. Bari in tuna miki wautar da na tafka a nawa ciwon, ko kya tsinci abin amfani.

Kin tuna daminar da santsin gindin rijiya ya kwashe ni da kwanon soyayyar gyaɗa a ka. Na karye a damtse, aka kai ni wajen mai ɗori ba tare da an yi hoto ba. Daga baya likita ya ce Allah ne ya rufa asiri karayar ta zo da sauƙi, don haka duk wanda ya faɗi a gidanku, a fara da hoto. Amma mai ɗori bai cuce ni ba. Da ya kwance karan, ya ce mini in cire ɗankwalin da nake rataye hannun da shi a wuya, in fara motsawa kaɗan-kaɗan. Ni ce na ƙi.

Gaskiya jinya daɗi ta yi mini. Tun da aka kawo ni gidan babanki ban taɓa zama an kawo mini abinci har gabana ba sai lokacin. Wannan ta kawo ƙwan zabi, waccan ta kawo nono mai kyau daga ruga, dangin Kibiya da na Durba kullum suna hanya. Kuma kin san halinmu da dubiya. Mutum ya hawo babur tun daga Durba, ya zo ya tarar da mara lafiya tana shara, ai sai ya ga kamar an yi masa ƙarya. Da na ji sallama a zaure sai in ruga ɗaki in kwanta, in gyara ratayata, in rage murya. Ke kuma kika tare a gidan da 'ya'yanki, ki yi mini wanka, ki ɗaura mini ɗankwali, ki ba ni tuwo a baki, ko ƙuda ya sauka a hannun ke ce mai kora. Idan na miƙa hannu zan ɗauki buta sai ki riga ni. Ina jin daɗi, ina cewa a raina ashe 'yar nan haka take sona.

Ƙashi ya warke sarai, amma kafaɗa ta ƙage kamar ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba. Ranar da na gaji da kwanciya na ce bari in tashi in kama sana'ata, hannu ya ce bai san zancen ba. Ba na iya kai shi kunne in yi kabbara, ba na iya taje kaina, bayana ya yi ƙaiƙayi sai dai in goga a jikin bango. Zogin da yake yi mini ya fi na karayar kanta. Matsar man gyaɗa kuwa, wadda da ita aka san ni a unguwa, ta gagara, har masu saye suka koma wani gida. Don haka ki sani, hutu yana da iyaka. Idan ya wuce inda aka ce, shi ma ciwo yake zama. Masu dubiya kuma su zo su tarar da Iya a zaune tana fama da hannunta, ba sai sun same ta a shimfiɗe ba.

Daga nan sai na koma wa ƙwayoyi. Akwai mai maganin da ke yawo da lasifika ranar kasuwa, yana lissafa ciwon baya, ciwon gwiwa, ciwon gaɓoɓi, kamar da ni yake. Na sa aka sayo mini. In na sha, zogi ya lafa zuwa la'asar, ya dawo da ƙarfinsa, sai in ƙara. Hannu bai ɗagu ko da faɗin yatsa ba, sai ma cikina da ya fara zafi kamar na haɗiyi barkono. Garin neman ƙiba na samo rama. Babanki ne ya gaji, ya ce in shirya mu tafi asibiti a Kano. Likita ya hana ni ƙwayoyin, ya rubuta wanda ya dace, sannan ya tura ni sashen gashin ƙashi, wanda su suke kira fisiyo. Kada ki bar kowa ya kawo wa Iya magani daga kasuwa ko daga jakar wani, komai kyan niyyarsa. Wanda likita ya rubuta mata na hawan jini kuwa, ko ta ce ta warke kada a fasa.

A can na haɗu da Malama Rabi. Da na gan ta sai na raina ta, don ko ke kin girme ta, ga ta 'yar siririya. Na ce wa babanki a hankali, “Malam, wannan ce za ta ɗaga hannun da ya gagari mai ɗori?” Ashe ta ji. Ta yi dariya ta ce, “Mama, ai ba ni zan ɗaga ba, ke za ki ɗaga. Ni nuna hanya ce tawa.” Ta tattaɓa kafaɗar, ta juya ta nan, ta juya ta can, tana tambayata inda ya fi zafi. Sannan ta ce, “Gaɓa motsi take ci, Mama. Taki yunwa ce ta kama ta.”

Ta fara da ɗumama wurin da wani ƙunshi mai zafi a cikin tawul, ta bi da tausa, sannan ta riƙa jan hannun a hankali tana kai shi inda ya manta. Wannan ɗumin da tausar sun yi mini daɗi ƙwarai, tun wankan jegon autana rabona da irinsa. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa shi ne maganin. Motsin da ta ce in riƙa yi a gida safe da yamma kuwa, na ɗauke shi surutun 'yan boko. In je, a gasa ni, in yi gyangyaɗi, in dawo Rano in kwanta ina jiran ranar komawa. Da muka koma ta ɗaga hannun ta ga yana nan inda ta bar shi, sai ta tambaye ni ko ina yin aikin gida. Na ce ina taɓawa. Ta juya wajen babanki, shi kuma ko kunyar idona bai ji ba ya ce, “Malama, rabonta da shi tun a ɗakin nan.” Har muka wuce Bunkure a hanyar dawowa ban yi masa magana ba.

Amma yarinyar nan ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambaye ni me da me nake da shi a tsakar gida. Na ce turmi, muciya, guga, sai bishiyar darbejiya. Ta ce kayan aiki sun cika. Ta nuna mini yadda zan sunkuya in dafa turmi da hannu mai lafiya, in saki mai ciwon ya riƙa lilo. Ta nuna mini in riƙe muciya da hannu biyu, mai lafiya ya riƙa tura ɗan'uwansa sama. Igiyar guga kuma a rataya a reshen darbejiya, in ja da wannan hannu, wancan ya tashi. Sai na bango: in tsaya in fuskance shi, yatsuna su riƙa hawa, inda suka tsaya in ja layi da gawayi. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce ɗumi da tausa share fage ne kawai, noman yana gida. Haka zai kasance ga Iya. Zuwanta asibiti ɗan lokaci ne, sauran kwanakin duk a hannunki suke, kuma a cikinsu ne za ta warke ko ta zauna.

Sai kunya ta shigo. Wata safiya ina tsaye hancina a jikin bango, yatsuna na hawa, ina nishi, sai ga sallamar maigidanki ya zo gaishe ni. Suruki ya tarar da ni a haka, ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Na rasa abin yi, sai na ce wai tsagewar bango nake dubawa kafin ruwa ya sauko. Bawan Allah ya durƙusa ya gaishe ni, ya tafi. Kafin azahar sai ga shi ya turo magini da buhun siminti. Daga ranar na ce ba zan ƙara yi ba sai babu kowa a gida. To, yaushe gidanmu ya taɓa zama babu kowa? Layin gawayi ya tsaya wuri ɗaya har ya fara gogewa.

Babanki ne ya fitar da ni. Wata yamma, gida cike da mata masu sayen ƙuli, ya fito da rawaninsa da komai, ya je ya tsaya a jikin bango ya fara hawa da yatsu, yana cewa, “Ni dai yau sai na wuce layin mutanen nan.” Mata suka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Na ga dattijo ya zubar da girmansa saboda ni, sai na tashi na tsaya kusa da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin wani lokaci bangon nan ya zama abin kallon unguwa, kowace ta shigo sai ta fara duba inda layi ya kai kafin ta gaishe ni. Gwaggo Lami, maƙwabciyarmu mai ciwon baya, ta ce ita ma za ta kama igiyar guga, na hana ta. Malama Rabi ta riga ta gargaɗe ni cewa kowane ciwo da irin motsinsa, na wani yana iya ɓata wani. Gwaggo ta je aka duba ta aka ba ta nata, ga shi yanzu tana ruku'u ba ta dafa bango. Don haka kada ki ɗauki muciya ki ce za ki yi wa Iya irin nawa. Nata daban ne, abin da aka nuna muku shi za ku bi.

Kunyar Iya za ta fi tawa, domin a gaban matar ɗanta za ta riƙa koyon abin da jikokinta suka iya. Kada ki tsaya a kanta kamar mai gadi. In an ce ta riƙa matsa wani abu a tafin hannu, ke ma ki ɗauki naki ki zauna kusa da ita kuna hira. In ta zubar da kunu a zane, ki goge kina ba ta labarin wani abu daban. Tsohuwa tana iya jure ciwo, amma kallon tausayi yana karya mata zuciya.

Wautata ta ƙarshe gaggawa ce. Da hannu ya fara kaiwa kunne, zogi ya ragu har ina barci a kan ɓarin, sai na ga ai na gama. Aka yi haihuwa a maƙwabta, mata suka taru daka, na karɓi taɓarya don in nuna musu ɗiyar wace ce ni. Na yi luguden da har aka yi mini guɗa. Washegari kafaɗa ta kumbura, layin gawayi ya dawo ƙasa da inda ya baro. Malama Rabi ta kalle ni ta girgiza kai, ta ce, “Mama, da kin ƙi yi, yanzu kuma kin fi mai kora shafawa.” A ranar ta koya mini bambancin zafi biyu. Akwai na miƙewar jijiya, mai ja a hankali ya lafa in an huta, wannan a daure masa. Akwai kuma mai sara kamar wuƙa, ko mai kawo kumburi, wannan a tsaya a koma a faɗa. Iya mace ce mai zuciya, na san ta tun tana ɗauko dakon gyaɗa daga Fassi a ka. Ranar da ta ji ƙafa ta fara amsawa za ta ce sai gona. Ki tare ta da dabara, sannu ba ta hana zuwa.

Akwai rana guda da na san ba ki manta ba, don ranar kin yi fushi da Malama Rabi har kin ce ba ta da tarbiyya. Ke kika raka ni. An gama gashi, ɗankwalina ya zame, kika miƙe za ki ɗaura mini. Ta ce, “Anti, don Allah koma ki zauna a kan hannuwanki.” Kika zauna kina huci. Na ɗauki ɗankwali, na kai shi ka, ya faɗi. Na sake, ya faɗi. Gumi ya keto mini, ina jin ki kina motsi a kan benci kamar an zuba miki ƙaiƙayi. Can dai na samu na zagaya da shi ta ƙeya na ƙulla. Ɗaurin ya karkace, kunne ɗaya a waje, amma na hana kowa gyarawa. Da shi na shiga mota, da shi na sauka a Rano, na bi gida-gida ina gaishe da mutanen da ban ma yi niyyar gaisarwa ba. Ko ranar da aka kai ni ɗakin miji ban yi taƙama da ɗauri kamar wannan ba. Na yi farin ciki a ranar, farin ciki irin na yara, kuma da kin riga ni kai hannu da ban same shi ba.

Ga ni yau, ƙulin da ke cikin bokitin nan ni na matse mansa, ni na murza, ni na soya. Ina kabbara hannuna har kunne, ina goya 'yarki in zagayo da zane ta baya in ɗaure ba mai taya ni. Masu sayen mai sun dawo, har da waɗanda suka rantse na wancan gidan ya fi. Har yanzu nakan ja igiyar nan da safe, don kafaɗar takan tuna mini idan na yi sakaci.

To, irin wannan ranar nake so ki bai wa Iya. Ba cewa nake ki zuba mata ido ba. Abin da ba ta iya ba tukuna, ki yi mata da hannu biyu: juya ta a shimfiɗa kada jikinta ya yi gyambo, tsafta, riƙe ta idan za ta miƙe. Ki tsaya ta ɓarin da ba shi da ƙarfi yadda aka nuna muku, kuma kada ki taɓa jan ta ta hannun mai ciwo, kafaɗar tana iya gocewa. Ke ma ki kula da bayanki wajen ɗaga ta, ki durƙusa da gwiwa, ki kira wani ya kama miki, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma duk abin da yatsunta suka nufa, ludayi ne, carbi ne, bakin mayafi ne, ki bar su su isa. Ranar komawa asibiti kuma kada a ɗaga ta saboda shuka ko girbi ko bikin wani.

Za a yi magana, wannan kam ki shirya. Bakin da ya sa miki albarka ranar kunu, shi zai ce matar ɗa ta bar tsohuwa tana fama da ludayi ita tana zaune. Zai yi miki ciwo, don ke ba ki saba a ce kin gaza ba. Dabarar ita ce kada dokar ta fito daga bakinki. Ki sa maigidanki ya tara 'yan'uwansa mata ya faɗa musu da kansa abin da aka ce a asibiti. Duk ranar zuwa gashi ki ɗauki ɗaya daga cikinsu, ki fara da wadda ta fi kaifin baki. In ta ji da kunnenta, ta ga wasu da aka kawo a kwance suna fita da sanda, ita za ta riƙa tare miki sauran. Iya kanta wata rana za ta harare ki, ta ce ba kya tausayinta. Ki ba ta haƙuri, ki yi mata murmushi, amma ludayi ya zauna a inda yake.

Na san abin da nake nema a wurinki ba ƙarami ba ne, domin na taɓa yin sa. Kina 'yar shekara guda, a tsakar gidan Hajja, kina tsaye kin dafa turmi, mata na zaune ana ɓarar gyaɗa. Ni ina tsaye a bakin madafa. Sai kika saki turmin kika nufo ni kina tata. Kika yi taku kaɗan, kika faɗi a kan fuska, kika tsala kuka, kina miƙo mini hannu. Uwar mijina na zaune, 'yan'uwan babanki na zaune, ina ni ina ɗaukar 'yar fari a gabansu? Hajja ta yunƙura, gyaɗar da ke cinyarta ta hana ta saurin tashi. Na mayar da hannuwana baya na damƙe zanena, har sai da farcena ya huda shi. Kika gaji da kuka, kika dafa ƙasa, kika miƙe, kika ƙaraso kika rungume ƙafata. Matan gidan suka yi ta yaba kunyata, wai ko kallonki ban yi ba. Na kalle ki. Babu takun da kika yi da ban gani ba, kuma ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so in sure ki a lokacin ba. Ban sani ba ko kin tashi kina zaton Yaya ba ta damu da ke ba. In kin taɓa zaton haka, to zanen nan yana nan a ƙasan adakata da hujinsa, ki zo ki gani.

Kafin mu baro Fassi ranar dubiya, na sunkuya na yi wa Iya raɗa, ba ki ji ba. Na ce mata bayan an gama girbi zan zo da man gyaɗa sabon matsa, amma ba zan shiga ɗakinta ba. A bakin zaure zan tsaya in yi ta sallama, sai ta fito da ƙafarta ta karɓa, ko da sanda, ko da dafa bango. Ta kalle ni da idon nan nata, ta ce da harshenta mai nauyi, “Ki zo da babban galan.” Don haka kada ki sa in yi ta tsayuwa a ƙofar surukai har rana ta faɗi, mutanen Fassi su ce uwarki ta zautu. Ranar, ke ki tsaya a bayanta kusa-kusa, ni ina gabanta, kowaccenmu hannunta a baya.

Ki gaishe da Iya da kyau, ki ce ina nan a kan bakana. Ki gaishe da maigidanki, ki ce masa bangon da ya sa aka shafe har yanzu bai tsage ba. Babanki yana sa muku albarka. Allah ya ba Iya lafiya mai ɗorewa, ya tashi kafaɗunta, ya ba ki haƙuri da ladan jinya. Allah ya tsare ki a zaune da tafe, ya tsare miki 'ya'yanki, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Sunanki dai ba zan rubuta ba, kin san abinki.

Wassalam.

Ni ce,
Yayarki, daga Rano.